Wankin ƙoda: a ware wa masu ciwon hanta na C injinsu, ko gyaran a wani wuri yake?

Ƙanwar Mai Jinya
Slm jama'a, dan Allah masu sani ku shigo. Yayana yana wankin ƙoda sau uku a sati, to an yi musu gwajin jinin nan na wata shida-shida sai aka samu mutum biyu da ciwon hanta na C, alhali lokacin da suka fara wanki ba su da shi. Mu 'yan jinya hankalinmu ya tashi muka ce a ware musu injinsu daban kamar yadda aka ware wa masu na B, sai likitan ya ce wai ba a inji matsalar take ba. Ni dai wlh ban gamsu ba. In ba ta inji ba ta ina suka ɗauka? Ba cikinsa jinin kowa yake bi ba?

Mai Fistula
Wslm ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Jini baya shiga cikin injin kansa, in kin lura ta cikin robobin nan yake bi ya shiga matatar ya dawo, kuma kowa nasa robobin daban. Injin tura jinin kawai yake yi ta waje yana haɗa ruwan wanki. Amma fa mutum biyu su kamu a wuri ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuna da gaskiyar tayar da hankali.

Baban Yara
Ni ina bayanku ɗari bisa ɗari. A ware kawai! Me za a rasa in an ware? Rai ake magana fa. Matata ma wanki take yi, da za a ce min gobe mai C ne ya tashi daga kujerar da za ta zauna wlh ba za ta zauna ba.

Likitan Ƙoda
Malam na fahimci tsoronka, kuma mutum ko ɗaya ne ya shigo ba shi da C daga baya aka gan shi da shi, dole cibiyar ta ɗauka a wurinta ya ɗauka har sai bincike ya nuna akasin haka. Sai dai B da C ba ɗaya ba ne. Ƙwayar B tana da mugun yawa a jinin mai ita, kuma tana rayuwa a busasshen wuri aƙalla kwana 7, a hannun kujera ko maɓallin inji ko almakashi, ko da ido bai ga ɗigon jini ba. An ji jiki kafin a gane haka, a birnin Edinbara a 1969 zuwa 1970 ta ɓarke a sashen wankin ƙoda ta kashe marasa lafiya har da ma'aikata, shi ne ya jawo rahoton Rosenheim na 1972 a Birtaniya wanda ya kawo gwaji da warewa. Shi ya sa mai B ake ba shi ɗakinsa, injinsa, kayansa, kuma nas ɗin da ke kansa ba za ta taɓa wanda bai da garkuwa ba a wannan zaman.

Ita kuwa C, ƙa'idojin KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, na 2018 da aka sabunta a 2022 cewa suka yi kar a ware masu ita kuma kar a ba su inji na daban, haka ma hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka tun shawarwarinta na 2001. Dalili shi ne duk inda aka bi diddigin ɓarkewarta kusan abu ɗaya ake tararwa: safar hannu ɗaya ta taɓa mutum biyu, kwalbar hefarin (maganin hana jini daskarewa) guda ana ta zuƙa wa mutane da yawa, ana haɗa allura kusa da inda ake ajiye kayan jini, kujera ba a goge ba aka zaunar da wani. In ka ware inji ka bar waɗannan, an bar jaki ana dukan taiki.

Baban Yara
To Likita a yi duka biyun mana, a ware kuma a gyara. Waɗannan ƙa'idojin da kake kawowa ai don wuraren da ma'aikata suka wadata aka rubuta su. Inda nas ɗaya take kan mutum shida ko bakwai fa? Gara dai a raba su kowa ya huta.

Likitan Ƙoda
Maganarka tana da nauyi, kuma akwai cibiyoyin da suke warewar saboda wannan dalilin. Abin da nake gudu shi ne kwanciyar hankalin ƙarya. Wanda ya ɗauki C yau gwajin garkuwa ba zai nuna ba sai bayan makonni, wani ma watanni, to duk wannan lokacin yana zaune a ɓangaren da ake ce wa na masu lafiya, ma'aikata sun saki jiki da shi saboda sun ɗauka masu cutar suna can ɗaya ɗakin. Sannan na sha ganin inda ɗakin warewa ɗaya ne tak sai a tura mai C cikin masu B, ka ga an ƙara masa wata cutar kenan a kan tasa. Abin da ya dace yanzu a cibiyar yayanki, ƙanwata, a sake gwada kowa da gwajin da ke gano ƙwayar kanta ba garkuwa kaɗai ba, a duba su wa suka zauna kusa da juna ko suka bi juna a kujera ɗaya, a sa wani ya tsaya yana kallon yadda ake aiki. Su kuma mutum biyun a fara musu magani, yanzu C tana warkewa da ƙwayoyi na sati 8 zuwa 12 har ga masu wanki, kuma wanda ya warke ba shi da abin da zai ba wani.

Nas Mai Dutin Dare
Bari in faɗa muku inda abin yake lalacewa tunda mu ne a tsaye a wurin. Lokacin canjin zama ne, wato 'yan safe suna tashi 'yan rana suna shigowa. Wannan ana cire masa allura jini bai tsaya ba kina danne masa, injin can yana ta ƙara, na bakin ƙofa yana cewa Sista tun ɗazu nake jira, ɗan jinya yana miƙo miki takarda, kina sanye da safar da kika danne jini da ita sai hannu ya kai ga maɓallin injin maƙwabci don ki kashe ƙarar, shi kenan fa an gama, babu wanda ya gani ke ma ba ki ji kin yi wani abu ba. A ƙa'ida sai mara lafiya ya tashi ya bar wurin gaba ɗaya, a kwashe robobi, sannan a goge kujera da inji da abin awon jini da duk abin da ke wurin, a bar maganin ya jiƙa wurin iya mintocin da aka rubuta a jikin robarsa ya bushe da kansa, sannan a kawo kayan na gaba. Amma in an ba ka 'yan mintoci tsakanin zama da zama sai ka ga ana shafa tsumma mutum yana kan kujera, an riga an rataya robobin na gaba a injin da ba a goge ba. Ni ban yarda mugunta ce ba, jadawali ne aka cusa fiye da hannun da ke akwai.

Ƙanwar Mai Jinya
Sista wlh kamar kina wurin. Mu ma 'yan jinya muna matsa musu lamba a saka namu da wuri.

Nas Mai Dutin Dare
To kin gani. In kika ga an ce ku ɗan tsaya a waje ku bari, wannan jiran shi ne kariyar yayanki. Wani abu kuma da mutane ba su sani ba, duk abin da ya je gefen mara lafiya, filasta ce ko auduga ko sirinji, ko ba a buɗe ba ba ya komawa cikin kayan kowa, ko dai a bar masa ko a zubar ko a goge shi in mai goguwa ne. Kuma ba a yawo da turolin magani daga kujera zuwa kujera, a ɗaki mai tsabta ake haɗa allura a kawo wa kowa tasa. Filastar da ake sakawa a aljihu ana yanko wa kowa tana ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi ba ni tsoro.

Hajiya Babba
Sannunku 'ya'yana, Allah ya saka. Ni tambayata a kan robar wuya ce. Ɗana da ita ake masa wanki, kwanaki yana kan inji sai sanyi ya rufe shi yana ta karkarwa haƙora na haɗuwa, aka ce jininsa ne ya kamu da ƙwayar cuta, sai da aka kwantar da shi aka cire robar aka sa wata. Yanzu an ce a yi masa aiki a hannu shi kuma ya ƙi, wai yana tsoron allura kuma hannu zai kumbura ya yi muni. Ya zan yi da shi?

Mai Fistula
Mama ki ce masa ɗan'uwansa mai wanki ne ya ce ya daure. Ni ma da katetar, wato robar wuyan, na fara, ba wanka mai daɗi, kullum cikin fargabar ruwa ya taɓa bandeji, zufa ta yi yawa filasta ta ɗaye. Allurar fistula, wato jijiyar da ake haɗawa a aikin hannun, akwai zafi da farko ba zan ɓoye ba, amma ana sabawa kuma akwai man da ke kashe zafin wurin. Tunda aka fara amfani da hannuna zazzaɓin nan na kan inji bai sake kama ni ba Alhamdulillah.

Likitan Ƙoda
Hajiya wannan ita ce babbar magana a duk zancen nan, ta ma fi ta ciwon hanta kashe mutane. Kateta bakinta na waje ƙarshenta yana daf da zuciya, duk ƙwayar da ta hau bakin ba ta da shamaki. Wadda ta fi yawa ita ce Staphylococcus aureus, tana zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa ba ta yi musu komai, amma in ta shiga jini takan maƙale a ƙofofin zuciya ko ƙashin baya. CDC ta fitar da rahoto a 2023 cewa masu wankin ƙoda a Amurka sun ninka sauran manya sau 100 wajen kamuwa da ita a jini, kuma a 2020 kaɗai an samu kamuwar jini fiye da 14,000 a cikinsu, sama da kashi ɗaya cikin uku ita ce sanadi. A hanyoyin wanki uku kateta ce ta fi haɗari, sai jijiyar roba da ake dasawa a hannu, fistula ita ce mafi ƙarancin haɗari domin jijiyarsa ce aka haɗa, fata ta rufe ta, tun 1966 likitoci Brescia da Cimino suka kawo ta. Sai dai tana ɗaukar sati 6 zuwa wata uku ko fiye kafin ta nuna, don haka duk ranar da ya ɗaga aikin ya ƙara wa kansa kwanakin zama da robar. Kuma ya riƙa hana a huda masa jijiyoyin hannun da za a yi aikin don ɗibar jini ko ƙarin ruwa.

Kafin nan, duk sanda za a buɗe katetar nas ta wanke hannu ta sa sabuwar safa, a cuɗa bakin robar da maganin kashe ƙwayoyi sosai a bari ya bushe, ba shafa ɗaya ba. Wurin da ta fito a fata a goge da kuloheksidin mai haɗe da sipirit, a sa man kariya in cibiyar tana amfani da shi. Bandeji ya jiƙe ko ya ɗaye a canza, kar a jira ranar wanki ta gaba. In sanyi ko zazzaɓi ya zo a ɗebi jinin kalca, wato na gwajin gano ƙwayar, kafin a sa antibayotik, in an sa magani tukuna gwajin yakan fito ba komai a rasa wace ƙwaya ake yaƙa.

Baban Yara
Duk wannan gaskiya ne amma wa zai tabbatar ana yi? Rubutu a bango daban aiki daban.

Likitan Ƙoda
Sai an ƙirga kuma sai an kalla. A 2009 wasu cibiyoyi 17 a Amurka suka haɗu da CDC, ba sabon inji suka saya ba, kowane wata suna ƙirga kamuwar jini su nuna wa ma'aikata, wani yana tsayawa ya kalli wanke hannu da buɗe kateta ya rubuta, ana koya wa marasa lafiya, ana rage masu kateta. Kamuwar jini ta ragu da kashi 32 cikin 100, wadda ta shafi hanyar wanki kuwa da kashi 54. Cibiyar da ba ta san mutum nawa suka kamu a watan jiya ba ba za ta san ko tana gaba ko baya ba, kuma ɗan jinya yana da damar tambayar wannan adadin.

Injiniya
Kun manta da mu 'yan ɗakin baya. Ruwa! Mai lafiya lita biyu zuwa uku yake sha a rana kuma hanji yana tace masa, amma mai wanki a zaman awa huɗu kusan lita 120 ce take gogar jininsa, siririyar fatar matata ce kawai a tsakani. A garin Karuwaru na Brazil a 1996 an kawo wa wata cibiya ruwan madatsa a tanka mai ɗauke da gubar gansakuka, tacewarsu ba ta kama ta ba, mutum fiye da 50 suka rasu da lalacewar hanta. Ƙa'idar ISO, hukumar tsara ma'aunin inganci ta duniya, ta ce ruwan wanki kar ya kai ƙwayar bakteriya 100 a mililita ɗaya, in ya kai 50 ma a tashi tsaye, kuma ana gwada gubar da matattun bakteriya ke bari, ita ce takan sa mutane uku huɗu su kama karkarwa a zama ɗaya alhali jininsu ba ƙwaya. In kuka ga haka ruwa za a fara tuhuma. Kulorin kuma dole a auna shi bayan tankin gawayi kafin a fara wanki kullum a maimaita cikin yini, in ya tsallake fasa jajayen ƙwayoyin jini yake yi. Matsalar da na fi gani ita ce bututun da ruwa ke kwana a ciki baya gudu, wani yauƙi yake yi a bangon bututun wanda in ya kafu wanki ɗaya baya fitar da shi.

Sannan gyara kaɗan ga Mai Fistula, akwai wuri ɗaya da jini kan iya leƙawa cikin inji, ɗan faifan nan da ke tsakanin roba da ma'aunin ƙarfin jini. In ya jiƙe da jini a canza nan take, in jinin ya ƙetara ta bayansa a janye injin a kira mu mu buɗe mu wanke ciki kafin a sa wa wani. Wannan ko mai B ne ko mai C ne ko wanda ba shi da komai.

Mai Fistula
Na karɓi gyara Injiniya, na gode.

Mai Wankin Ciki
Mu masu wankin ƙoda ta ciki a gida, wato mu zuba ruwan wanki a ciki ta roba mu fitar da shi, nas ɗinmu mu ne. Rufe ƙofa da taga, kashe fanka, takunkumi, wanke hannu a busar da shi sarai, kar yatsa ya taɓa bakin robar. In ruwan da ya fito ya yi gajimare ko ciki ya fara ciwo a ɗauki jakar a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Ƙanwar Mai Jinya
Na ƙaru sosai wlh. Amma abin da ke damuna, in na ga nas ta taho daga wajen wani ba ta canza safa ba zan iya magana? Ina tsoron a tsane mu, mu da za mu dawo jibi kuma ran yayana a hannunsu yake bayan na Allah.

Hajiya Babba
Ni ma shi ne yake hana ni 'yata. Sai ka gani ka haɗiye.

Nas Mai Dutin Dare
Ku yi magana dan Allah. Ba zan ce kowa zai ji daɗi ba, akwai wadda za ta ɗaure fuska, amma ɗaure fuska na minti biyar ne, ƙwaya a jini kuwa sati-sati ake yi ana allura. Ki faɗa a hankali ba a gaban jama'a da ihu ba, Sista dan Allah a taimaka a canza safar. Kuma ku sani safa ba ta maye gurbin wanke hannu, ana cire ta a shafa sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30, in hannun ya ɓaci a wanke da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, sannan a sa sabuwa. Ku ma in za ku danne wa naku wurin allura ku sa safa ku wanke hannu bayan nan kafin ku taɓa ƙofa ko waya. Mai fistula ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya zauna.

Baban Yara
Ni abin da ban yarda da shi ba a ɗora wa mara lafiya aikin gadi. Mutum yana kwance jiri na ɗibarsa shi ne zai sa ido a kan safa? Shugaban cibiya ne ya kamata ya tara su ya ce duk wanda ya ga kuskure ya faɗa ba abin da zai same shi, ya ƙaro ma'aikata, ya buɗe tazara tsakanin zama da zama ko da za a rage mutum ɗaya a layi.

Nas Mai Dutin Dare
A nan kam muna tare Malam. Sai dai rage mutum ɗaya a layi yana nufin wani ya rasa wankinsa na ranar, shi ya sa shugabanni suke jan ƙafa. Abin da na ga ya yi aiki shi ne a daina sakin kowa lokaci ɗaya, a jera lokacin farawa da tazarar 'yan mintoci ta yadda nas za ta gama da ɗaya kafin na biyu ya ƙare, kuma a samu mutum guda wanda a lokacin canji aikinsa goge wuri kawai.

Ƙanwar Mai Jinya
Likita tambaya ta ƙarshe, an yi wa yayana allurar rigakafin B tun yana da lafiya, ta wadatar?

Likitan Ƙoda
Sai an gwada. Masu ciwon ƙoda jikinsu baya amsa rigakafin kamar na sauran mutane, shi ya sa ake ba su maikurogiram 40 a kowace allura, sau uku ko huɗu gwargwadon irin maganin. Ki nemi a auna masa garkuwar B, in ta kai 10 yana da kariya sai a riƙa dubawa duk shekara, in ta yi ƙasa a ƙara masa, kuma matuƙar bai da garkuwa kowane wata ya kamata a gwada shi. C kuwa ba ta da rigakafi, don haka ki tambaye su yaushe za a sake gwada kowa da kuma abin da suka canza a aikinsu tun da aka gano mutum biyun nan, in da hali ku je ku uku ko huɗu ku nemi zama da shugaban sashen.